Sauyin Saɓani da Sauyin Haɗaka a Aljabara

A darasin aljabara na makarantar sakandare, ɗalibai kan rikita waɗannan dokoki biyu. Sauyin saɓani, wanda ake rubutawa y = k/x, inda x da y su ne adadan da ke sauyawa, k kuma adadi ne tsayayye, yana nufin idan adadi ɗaya ya ninka, ɗayan zai koma rabi, amma sakamakon ninka su da juna ba ya canjawa. Direban da ke da tafiyar kilomita 240 zai shafe awa 4 idan yana gudun kilomita 60 a awa, idan ya ƙara gudu zuwa 80 kuwa awa 3 ta ishe shi, kuma ko ta wace hanya aka ninka gudu da lokaci, 240 ake samu.

Sauyin haɗaka, wato z = kxy, ya fi wuyar sha'ani a ganina, domin adadi biyu ne ke jan na uku lokaci guda. Idan ladan lebura naira 5,000 ne a rana, lebura 4 cikin kwana 5 za su karɓi naira 100,000. Da zarar an ninka ma'aikata an kuma ninka kwanaki, kuɗin zai kai 400,000, kuma a nan ne da yawa ke tuntuɓe, suna rubuta 200,000.

Abin sha'awa shi ne, idan mai gini ya tsayar da kasafinsa a naira 100,000, haɗakar ta koma saɓani: lebura 10 kwana 2 kacal zai iya biya.