Safar auduga mai layi-layi: bakinta yana riƙo, diddigenta ba ya jimiri

Da zarar hunturu ya kunno kai a Kano, masu sayar da safa a Kasuwar Sabon Gari sukan cika tebura da wata safar maza mai layi-layi, wadda ake sayarwa ɗai-ɗai ko dozin-dozin, an rubuta a takardarta cewa auduga ce zalla. Na yi amfani da ita a takalmi sau-ciki, kuma ina ganin ta cancanci kuɗinta, amma da sharaɗi.

Babban abin yabonta shi ne bakinta, domin yana kama ƙwauri ba tare da ya zame zuwa idon sawu ba, kuma ba ya barin shaida a fata kamar safar da aka cusa wa roba mai tsauri. Wannan saƙa ta layi-layi, wadda ke buɗewa sannan ta koma yadda take, tsohuwar fasaha ce. William Lee ne ya ƙirƙiro injin saƙa safa a 1589 a kusa da Notingham ta Ingila, amma saƙarsa shimfiɗaɗɗiya ce, sai a 1759 Jedediah Strutt ya yi rajistar ƙarin da ya ba injin damar fitar da layi. A ƙarni na 19 sana'ar ta ɗaukaka masu masana'antu har suka riƙe ragamar garuruwansu, kamar John Biggs wanda ya yi magajin garin Lesta ta Ingila sau uku, alhali masaƙan da ke biyan kuɗin hayar injin suna fama da talauci.

Inda safar ta gaza shi ne diddige. Ba a ninka zaren wurin ba, saboda haka mai kaushi ko faso, wanda ba ya wuya a wannan yanayi, zai ga ta fara sirancewa bayan wanki kaɗan. Ɗinkin yatsu ma yana da kauri, yana damun mai doguwar tafiya. Batun auduga zalla kuwa ban gamsu da shi ba, domin yadda take saurin bushewa ya nuna akwai gaurayen zaren roba, ko da yake tana shan gumi daidai gwargwado.

Ma'aikacin ofis zai ji daɗinta, musamman baƙa ko ruwan toka. Mai saya wa ɗan makaranta kuwa, gara ya juya cikinta ya duba diddigen kafin ya biya, ko ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai ninki.