Rangadin yini ɗaya daga Shiraz zuwa Tahti Jamshid: ra'ayina kan aikin ɗan rakiya

Kamfanonin yawon buɗe ido a birnin Shiraz na ƙasar Iran suna shirya rangadin yini ɗaya zuwa wurare uku: Tahti Jamshid, kufan fadar sarakunan tsohuwar daular Farisa wanda Girkawa suka kira Fasifolis, da Nakshi Rustam, da Fasargad. Wanda na bi ya haɗa kuɗin mota da abincin rana da ladan ɗan rakiya, kuma a ganina darajar rangadin duka ta rataya ne a wuyan wannan mutum, domin dutse ba ya bayanin kansa.

Tahti Jamshid na da nisan kusan kilomita 60 daga Shiraz. Sarki Dariyus na ɗaya ya fara gina shi wajen shekarar 518 kafin Miladiyya, ɗansa Zaksis ya ci gaba, sannan Iskandar na Makidoniya ya banka masa wuta a shekarar 330 kafin Miladiyya, bayan ya karya rundunar Dariyus na uku a Gogamela a 331. Wannan kowa zai iya haddacewa. Abin da ya burge ni shi ne yadda ɗan rakiyarmu yake raba abin da aka tono daga ƙasa da abin da marubutan Girka da Rum suka rubuta, har ya faɗi shekarun da ke tsakanin marubucin da abin da yake ba da labari.

A matakalar babban zauren Afadana ya tsayar da mu ya daɗe. An sassaƙa tawagogi 23 na al'ummomin daular, kowace tawaga da irin suturarta da kayan gaisuwarta, kuma jami'in fada yana riƙe da hannun jagoran kowace ɗaya yana shigar da shi gaban sarki. Ya nuna mana mutanen Kush, tsohuwar daula a kudancin Masar, ɗauke da hauren giwa, ya sa muka matso har muka ga nannaɗewar gashin kansu a jikin dutsen. Ya ce mu lura babu yaƙi a wannan bango, babu wanda aka ɗaure, amma nan take ya ja kunnenmu cewa wannan hoto ne da sarki yake so a gani, kamar yadda hoton Farisawa masu girman kai da son holewa shi ne wanda abokan gabarsu suke so a gani.

Bayaninsa kan gobarar ya fi komai gamsar da ni. Tsofaffin marubutan Girka Diyodoros da Fulutak sun kawo labarin cewa a wurin shagalin giya ne wata mace 'yar Atina mai suna Tayis ta zuga Iskandar, shi kuwa Ariyan, wanda ya rubuta nasa fiye da shekara 400 bayan faruwar abin, ya ce da gangan aka yi don rama ƙona Atina da Zaksis ya yi a 480 kafin Miladiyya, duk da cewa Farmeniyon, kwamandan Iskandar, ya hana. Ɗan rakiyar bai zaɓar mana ɗaya kai tsaye ba. Ya kai mu zauren ginshiƙai 100, inda masu tono suka tarar da toka mai kauri, ya tuna mana cewa an riga an kwashe dukiyar baitulmali, kuma fadar Dariyus ba ta ci wuta kamar gine-ginen Zaksis ba. Wanda ya ga haka da idonsa zai yi wuya ya yarda cewa maye kaɗai ya jawo ɓarnar.

Ya kuma ba da lokaci ga allunan laka da tawagar Jami'ar Shikago ƙarƙashin Ernst Herzfeld ta gano a 1933, dubban alluna, mafi yawansu da harshen Elam, wani tsohon harshe na kudu maso yammacin Iran, masu lissafin sha'ir da giya da tumakin da ake raba wa ma'aikata, har da ƙarin rabo ga matan da suka haihu. Waɗannan alluna ne suka ba masana damar jin muryar daular daga cikin gidanta.

Inda rangadin ya gaza shi ne rabon lokaci. An tashi a makare, rana ta take muna kan dandamalin da kusan babu inuwa, abincin rana ya ci lokaci, aka ratsa Nakshi Rustam a gurguje duk da kaburburan sarakuna huɗu da ke jikin dutsen. Da muka isa kabarin Sairus, sarkin da ya kafa daular, a Fasargad, gajiya ta kama kowa, kuma a nan ne ɗan rakiyar ya saki ƙa'idarsa, ya kira rubutun Sairus da aka gano a Babila a 1879 kundin haƙƙin ɗan Adam na farko ba tare da ya ambaci cewa masana da yawa suna ganinsa a matsayin rubutun sarauta irin na al'adar Babila ba. Abin ya dame ni, domin mutumin ya san fiye da haka.

Duk da wannan, ina ba da shawarar rangadin ga ɗalibi ko malamin tarihi, da sharaɗin ya nemi a tashi da sassafe, ya tambayi harshen da ɗan rakiyar yake ji sosai kafin ya biya, kuma idan hali ya yi ya ware wa Fasargad yini na daban.