Jita ta katako ko ta lantarki: ina kuɗin ke tafiya?

Ɗan'uwa, ka ce kana son koyon jita don nishaɗi kawai, kana tambayar wacce za ka saya tsakanin ta katako da ta lantarki, kuma nawa za ka ware. Zan ba ka farashi da dala, domin naira ba ta kwana inda ta wuni.

Ta katako lissafinta gajere ne. Yamaha F310, wadda masu koyo da yawa ke farawa da ita, tana tsakanin dala 150 zuwa 200. Ka ƙara jaka, sai tsirkiya saiti ɗaya wajen dala 7, wadda za ka riƙa canzawa bayan 'yan watanni. Daidaita sautinta kuwa manhajar waya tana yi kyauta. Shi ke nan.

Ta lantarki ita ce mai dogon wutsiya. Squier, ƙanwar jitar kamfanin Fender mai araha, ba ta fi waccan tsada sosai ba, amma kurma ce sai an jona ta. Ƙaramar amfilifaya, wato akwatin da ke fito da sautinta, irin Fender Frontman 10G tana kusan dala 100, Boss Katana 50 kuma ta doshi 300. Ga wayar jonawa, ga igiyar ratayawa. Kafin ka buga waƙa ɗaya kuɗin ya ninka. Daga nan sai kwaɗayin akwatunan nan da ake takawa da ƙafa don sauya amo: Boss DS-1 yau, gobe wani, kowanne dala 60 zuwa sama. A nan aljihun masu sha'awa ke yoyo, ba a jitar kanta ba. Wanda abin ya kama shi sosai sai ka ji yana mafarkin Fender ƙirar Amurka, sama da dala 1,500, ko Gibson Les Paul Standard da ta haura 2,500, alhali a ɗaki yake kaɗawa, bango ne kaɗai ke saurare. Sannan ga matsalar wuta. Sai dai ka nemi amfilifaya irin Roland Micro Cube mai aiki da batir.

Amma ta katako ma tana da abokin gaba, hunturu. Busasshiyar iska tana tsotse katako har fuskar jitar ta tsage, kuma abin mamaki mai tsadar ce ta fi saurin lalacewa, domin fuskarta katako ne guda, mai arahar kuwa falle-falle aka manna, ta fi jure wahala. Ka saka soso mai ɗan danshi cikin jakarta daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ta lantarki jikinta kututture ne, wannan bai cika damunta ba.

In sautin Agadas ne ya ja ka, irin na makaɗin jitar nan Bombino, to ƙarshenta sai lantarki. Duk da haka ba da ita zan fara ba. Ko Mdou Moctar, shahararren makaɗin jita na Nijar, da kansa ya ƙera jitarsa ta farko, da wayar birkin keke.

Ni dai da ni ne kai, Yamaha zan saya, ko da gwanjo ce, in duba wuyanta bai lanƙwashe ba, in biya mai gyara ya sassauto min da tsirkiyoyin kusa da wuyan don kada yatsu su sha wuya. In ka shekara ba ta koma ƙarƙashin gado ba, sai mu yi maganar amfilifaya.