Hable con ella ko Planta 4ª: wanne ya dace da ɗalibar aikin jinya?

'Yar'uwa, kin tambaya wanne za ki kalla da ƙanwarki mai shirin shiga makarantar aikin jinya, cikin waɗannan finafinan Sifen guda biyu. Duk a asibiti suke, amma ba hanyarsu ɗaya ba.

Planta 4ª, wato hawa na huɗu, na Antonio Mercero ne, ya fito a 2003. Samari ne masu tasowa da ke fama da kansar ƙashi, magani ya zubar musu da gashi, wasu an yanke musu ƙafa. Da dare sai su hau kekunan guragu su bi lungu-lungu na asibitin, da rana su yi ƙwallon kwando. Labarin ya samo asali daga rayuwar marubuci Albert Espinosa, wanda shi kansa cutar ta raba shi da ƙafa da huhu ɗaya yana yaro. Shi ya sa gaskiyar fim ɗin ke kama zuciya. Ki lura da sabon yaron da ke jiran sakamakon gwaji, yadda yake guje wa sauran don tsoron kada ya zama kamarsu. Wannan tsoron ne ma'aikaciyar jinya za ta riƙa tararwa kullum. Akwai ɗan barkwancin samari da zai sa ki kawar da kai, amma bai yi yawa ba.

Hable con ella na Pedro Almodóvar ne, na 2002, har ya ci lambar yabo ta Oscar ta rubutun labari. A fasaha ya fi ɗayan nesa ba kusa ba. Benigno nas ne da ya shekara huɗu yana kula da Alicia, wadda hatsarin mota ya jefa cikin doguwar suma. Yana mata wanka, yana gyara mata gashi, yana ba ta labarin duk abin da ya gani a gari kamar tana jinsa. Gefe guda ga Marco, wanda budurwarsa ita ma take cikin doguwar suma, amma ya kasa ce mata uffan. Mai kallo zai so Benigno, sai kwatsam a gano Alicia na da ciki, kuma shi ya ci amanarta. Ni abin da ke damuna, fim ɗin ya tausaya masa fiye da yadda ya tsaya kan zaluncin da aka yi wa matar da ba ta iya cewa a'a. Ga kuma tsiraici a fili.

Don haka ku kalli Planta 4ª tare. Ɗayan ki fara kallonsa ke kaɗai. In kin ga za ta iya ɗauka, ki bari sai ta fara shiga ɗakin majinyata, sannan ku zauna ku yi maganar dalilin da ya sa bai kamata a bar mara lafiyar da ba ta cikin hayyacinta a hannun mutum ɗaya ba tare da sa ido ba.