Fisiyo na mata bayan haihuwa: ra'ayina bayan na gwada

'Yan uwa mata, wannan abin da muke ɓoyewa na ɗigowar fitsari in an yi tari ko atishawa ko dariya mai ƙarfi bayan haihuwa, ashe akwai masu aikin gyara shi a sashen fisiyo na asibiti, wato inda ake gyara jiki ta hanyar atisaye, kuma ni dai na je na gani, a ganina ya cancanci a je.

Abin da ya fi burge ni shine bayanin da likitar ta fara yi kafin ta taɓa ni. Tace akwai tsoka a ƙasan ƙugu wadda take tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, nauyin ciki na wata tara shi kaɗai ya isa ya sassauta ta, shiyasa ko wadda aka yi wa tiyata aka ciro ɗa ba ta tsira ba. Sai da ta nemi izinina sannan ta duba ni ta ciki, kunya dai akwai ta ba ƙarya, amma nan ne amfanin zuwan yake, dan mata da yawa in an ce su matse tsokar sai su yi nishi su tura ƙasa ko su ƙanƙame cinya da ɗuwawu, alhali ɗagawa sama ake so kamar kina riƙe tusa, kuma kina numfashi yadda kika saba. Bidiyon YouTube ba zai gaya miki kina yi daidai ko a'a ba. Motsa jikin Kegel ake ce wa wannan atisayen matsewar, sunan wani likitan mata ne ɗan Amurka, Arnold Kegel, da ya yi rubutu a kai a 1948.

Ta auna min tsakiyar ciki da yatsu ta ga ko tsokar cikin ta rabu, ta koya min in matse tsokar ƙasan ƙugu kafin tari ya fito ko kafin in ɗauki yaro, ta hana ni yin atisayen a lokacin da nake fitsari, ta kuma ja min kunne kan yunƙuri a bayan gida. Wasu ma tasu tsokar ba sakewa ta yi ba, ɗaurewa ta yi, su sassautawa ake koya musu, musamman masu jin zafi wajen saduwa.

Inda ban ji daɗi ba, jira ya yi yawa kuma labule kawai ya raba ni da wata, ina jin hirarsu tana jin tamu, irin wannan magana ai ɗaki take so mai ƙofa. Sannan mai gaggawa za ta gaji, hukumar NICE ta Ingila mai fitar da ƙa'idojin kula da lafiya ma cewa take a yi atisayen aƙalla wata 3, sau 3 a rana, ni kaina sai da aka yi makonni kafin na ga canji.

Masu ciki ma suna zuwa, musamman masu ciwon ƙugu da mara, ba sai an haihu ba. Amma dan Allah in fitsari zuba yake dare da rana ba tsayawa bayan doguwar naƙuda, wannan zai iya zama yoyon fitsari ne, aikin likitan tiyata ne, kar ki tsaya kina matse-matse a gida, ki je a duba ki.