Sharhi: canjin ƙaramin injin murfin hita a Honda Accord ɗina

Duk wanda AC ɗin motarsa ke hura sanyi ta gefe ɗaya, zafi ta ɗaya gefen, ya dakata da zuba gas tukuna. Haka Honda Accord ɗina ƙirar 2005 ta yi mini, motar da nake zirga-zirga da ita tsakanin Gumel da kasuwar Maigatari. Wajen direba lafiya lau. Wanda ya zauna kusa da ni kuwa sai sharce gumi, ga wani ƙas-ƙas-ƙas da ke tashi daga cikin dashbod da zarar an murɗa makulli. Kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Jigawa ke haura digiri 40.

Garejin da na fara kai ta ko sauraren ƙarar ba su yi ba. Suka ce gas ne, suka zuba, suka karɓi kuɗinsu, babu abin da ya canza.

Wanda ya gano matsalar wani mai gyaran AC ne a nan Gumel, kuma aikinsa nake so in yi magana a kai. Ya fara ɗaura ma'auninsa, ya ga gas R134a bai ragu ba, kwamfireso na kamawa, bututu ya yi sanyi ƙalau. Sannan ya kara kunne a dashbod yana murza maɓallin zafi da sanyi, ya ɗago ya ce, "Alhaji, AC ɗinka ba ta da laifi, murfin hita ne ya maƙale."

Ga yadda abin yake. A bayan dashbod akwai akwatin da iska ke bi, cikinsa da abubuwa biyu masu kama da ƙaramin lagireto: ɗaya ruwan inji mai zafi ke ratsa shi, ɗayan gas ke sanyaya shi. Tsakaninsu akwai murfi da ke raba wa iska hanya. Abin da ke juya murfin wani ɗan inji ne na lantarki da bai cika tafin hannu ba, mai haƙoran roba a ciki. Idan haƙoran suka cinye ko suka karye, injin zai yi ta juyi a banza, shi ne ƙarar nan, murfin kuma ya tsaya inda ya tsaya. Motata tana da na direba daban, na fasinja daban. Na fasinjan ne ya mutu a ɓangaren zafi.

Mai gyaran ya faɗa mini gaskiya cewa akwai hanya mai arha, a tura murfin zuwa ɓangaren sanyi a ɗaure shi da waya, kamar yadda kanikawa da yawa ke yi. Ban yarda ba, kuma na ji daɗi da bai matsa mini ba. Mutane na ganin hita ba ta da amfani a ƙasarmu. Wanda ya taɓa fita da asuba cikin hunturun Janairu da tsohuwa ko jariri a mota ba zai faɗi haka ba. Da damina ma, idan gilashi ya yi hazo ta ciki, iska mai ɗumi ce ke saurin share shi.

Ba a samu kayan a Gumel ba, sai da aka aika Ƙofar Ruwa a Kano. Ya ba da shawarar a ɗauko na Beljiyam da aka ciro daga irin motar, maimakon sabo maras suna, ya kuma tura hoton lambar da ke jikin tsohon da bakin soket ɗinsa, domin injinan suna kama da juna amma ba kowanne ke hawa ba. Direban haya ne ya kawo shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne kafin ya ɗaura, sai da ya sa hannu ya juya murfin ya tabbatar yana tafiya ba tare da cijewa ba. Ya ce idan murfi na cijewa, sabon injin ma haƙoransa za su tafi. Ta wajen akwatin gaban fasinja ya shiga, bai wargaza dashbod ba. Da ya gama ya murza maɓalli daga ƙarshen sanyi zuwa ƙarshen zafi a hankali, muna sa hannu a kowace kafar iska. Ƙara ta ɗauke, gefe biyu suka daidaita.

Inda na ga gazawarsa: ya cire kan batir bai tambaye ni ko ina da lambar sirrin rediyo ba, alhali rediyon wannan Honda kulle kansa yake idan wuta ta yanke. Sai da na tono lambar a cikin takardun mota. Ya kuma karya ƙugiya ɗaya ta akwatin gaban fasinjan, yanzu yana ɗan girgiza a hanya mai gargada. Duk da haka zan sake kai masa mota, kuma wanda zai je ya riƙe lambar rediyonsa a hannu, ya ce a ba shi tsohon injin ya buɗe ya ga haƙoran da idonsa.