Sarin wata ko cefanen kullum?

Amarya, tunda maigida ya bar miki zaɓi tsakanin sarin wata da cefanen kullum, karɓi kuɗin abincin a dunƙule ki yi sari. Mu a gidanmu albashi ba ya kwana. Ranar da ya shigo kasuwar Katako ta nan Jos muke nufa mu auno masara, gero da wake, sannan mu biya kasuwar 'Yan Kwalli don shinkafa, man girki, sabulu da magi. Abin da ya riga ya shiga sito ba ya tafiya a kati da data, kuma mai turo saƙon "a taimaka da wani abu" ba zai iya cire shi ba. Kuɗin da aka bari a asusu kuwa, muddin waya na hannu, ƙafa gare shi.

Na ga ranar sari sosai da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Lokacin ina da buhun masarar da wata ƙawata ta sayo min a Mangu tun kaka. Kaya na tashi kowane mako, maƙwabta na ta lissafi, ni dai niƙa kawai nake aikawa. Har baƙi muka yi daga Bauchi, tukunya ba ta san an ƙaru ba. Sanyin Jos ma gata ne, dankalin Bokkos in kika baje shi a wuri mai duhu da iska zai jira ki. Wake dai ki zuba shi a busasshiyar jarka ki toshe bakin da kyau, in ba haka ba ƙwari za su riga ki ci.

Cefanen kullum? To, yana da amfaninsa a tumatir, kabeji da alayyafo. Bayan su asara ce, kuɗin Keke zuwa kasuwar Farin Gada da tsadar awon gwangwani za su cinye rarar.

Ba ki tambaya ba, amma ki buɗe ido a kasuwa. Akwai masu buge gindin mudu, don haka ki tafi da naki. Akwai masu farke buhu su ɗebi shinkafa su sake ɗinkewa, ki sa a ɗora miki a sikeli ki ga kilo 50 da idonki. Wasu kuma 'yar gida suke juyewa a buhun 'yar waje su tsuga mata kuɗi. Waken da ya yi kyau fiye da kima kuma yana warin magani, bar musu kayansu. NAFDAC ta sha gargaɗi kan masu zuba wa wake maganin ƙwari irin Sniper.

Abin da ya saura bayan sari ki kasa shi huɗu, kowane mako da ambulan ɗinsa na kayan miya. Kuɗin gas da na wuta ki ce maigida ya ware su daban tun ranar albashi, kada su shigo cikin naki.